Yadda Muka Kai Iya Garin Katako

Ku matso kusa, ku gyara zama, yau zan faɗi labarin nan gaba ɗaya in huta. Tun da muka dawo daga Doguwa ban sami sakat ba. In na je barka sai an tambaye ni, gidan gaisuwar mutuwa ma sai wata ta matso ta raɗa min, "Maman Sadiya, wai da gaske kun kai Iya garin ƙarya?" Kuma duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. Jiya har na ji wai birai sun sace Iya a dajin Falgore. To ga yadda aka yi.

Ni dai kun san ni, ba mai yawo ba ce. A Bebeji aka haife ni, a Bebeji aka yi min aure, Kano ma sai asibiti ko sayayyar biki ke kai ni. Iya ce sanadin fitata.

Iya surukata ce, mahaifiyar maigidana. Asalinta 'yar wani ƙauye ce da ake kira Rimin Sambo, wanda ruwan Tiga ya cinye tun tana goye da maigidana. Mace ce mai hannu, duk bikin unguwarmu ita ke tsayawa kan tukunya. Bara tsufa ya fara taɓa ta. Wata rana tana miya gefen zaninta ya kama wuta, Allah ya tsare Sadiya na kusa. Daga ranar na hana ta shiga madafi, na ɓoye muciyarta a bayan buhunan ɗakina. Don kada ta zauna haka, kullum sai in zubo mata wake a faifai ta tsince. Waken fa na riga na tsince shi, 'yan tsakuwa kawai nake watsawa a ciki. In ta gama in karɓa in yi godiya, gobe in sake watsa su.

Ba a daɗe ba ta fara ƙin abinci. Loma biyu, ta ture kwano, ta ce, "Ku kai ni gida." A ce mata, "Iya, ai nan ne gida." Ta ce, "Rimin Sambo." Likita ya duba ya ce babu wani ciwo sai rashin ci, kuma in ta ci gaba a haka sai an kwantar da ita ana ƙarin ruwa. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ana cikin haka sai ga Sabi'u, autanta, ƙanin maigidana. Kafinta ne, amma yanzu 'yan fim yake bi yana haɗa musu gidaje. Ya ga Iya, ya fito tsakar gida ido ja, ya ce min, "Matar Yaya, ni fa ina da Rimin Sambo."

Na ce, "Auta, ka fara shaye-shaye ne a wajen 'yan fim ɗin?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Fim ake ɗauka a bayan Doguwa, darakta ya ce in gina masa ƙauye irin na dā. Ni kuwa wane ƙauyen dā na sani in ba wanda Iya ta cika mana kunne da shi ba? Shi na gina. Rijiya, rumbuna, zauren mai gari, komai."

Na tambaye shi labarin fim ɗin. Ya ce wai wani gari ne, mutanensa na zaune lafiya, suna noma, suna daka, suna aure, ashe duk a cikin kwamfutar wani attajiri suke. Kewar ƙauyensu ta dame shi, shi ne ya ƙirƙire su yana kallo. Su kuwa ba su sani ba, sun ɗauka duniya ce.

Na ce, "Kamar kifi a randa?"

Ya ce, "Kifin ma babu. Hoto ne mai tunani."

"To yaya za a yi su gane?"

"Wata mata ce ta lura tun da take ba ta taɓa jin yunwa ba. Ana daka, ana ɗora tukunya, amma ba wanda ya taɓa kai loma baki. Attajirin ya manta bai sa musu ciki ba."

Na ce, "Garin da ba cefane, ba wanke-wanke? Wallahi da ni ce matar, ko na gane shiru zan yi."

Maigida da muka kai masa shawara ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ni ban ce ku yi ba, ban ce kada ku yi ba. Amma ku tafi da maganin hawan jininta."

Da aka gaya wa Iya gobe za a kai ta gida, matar da sai an tallafe ta take tashi, sai ga ta tsaye tana ba da umarni. A ƙulla daddawa, a ƙulla kuka, a ƙulla busasshiyar kuɓewa da barkono, ba za ta shiga garinsu hannu rabbana ba. Sannan ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, ɗauko min muciyata a bayan buhunanki." Na ji kunya, don ban san ta san inda take ba. Na ɗauko, ina cewa a raina ta dogara ta kamar sanda.

Da hantsi muka tashi a bas ɗin 'yan fim, Sabi'u na tuƙi. Bayan motar cike da tarkacensu: ƙoren roba da aka yi wa fenti, tsani, da bindigogin katako. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka yi nesa da duk inda za a hango ruwan Tiga, kada Iya ta gani ta tuna. A Kwanar masu talla suka yanyame mu. Na sayi dafaffen ƙwai da rake. Iya ta kau da kai, ni kuwa na cinye ƙwan, nata da nawa, don almubazzaranci ba kyau. Sabi'u ya ce, "Matar Yaya, wai waye marar lafiyar?" Na ce ya kalli titi.

Tudun Wada kuwa garin shinkafa ne. Abin da mu ke aunawa da gwangwani, su a bakin titi suke shanya shi, kaji na bi ta kai ba mai cewa kur. Zuciyata ta yi ta zafi, har na leƙa taga na kori wata kaza da bakina.

A bakin dajin Falgore akwai shingen jami'an tsaro, kamar za ka shiga wata ƙasa. Wani dogo ya leƙo, ya hango bindigogi, fuskarsa ta canja. Ya ce kowa ya sauko. Ni tuni na fara karanto duk addu'ar da na sani. Sabi'u na ta rantsuwa katako ne, jami'in ya zaro ɗaya yana jujjuyawa, sai ga bakinta ya ɓalle a hannunsa. Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan sai da na yini ina fiƙe ta." Jami'in ya rasa dariya zai yi ko faɗa. Ya juya kan Iya da ba ta ko motsa ba, ya ce, "Mama, ina zuwa?"

Ta ce, "Rimin Sambo."

Ya ce, "Ban san shi ba."

Ta ce, "Ina za ka san shi, ba a haife ka ba. Ungo, ka kai wa matarka." Ta miƙa masa ƙullin daddawa. Haka ya tsaya da karyayyiyar bindiga a hannu ɗaya, daddawa a ɗaya, ya ce mu sauka lafiya.

Maganar birai kuma, abin da ya faru shi ne, a tsakiyar daji mun rage gudu saboda rami, wani ƙaton biri ya ɗane taga ya fizge raken da ke hannuna. Ni na yi ihun, ba Iya ba. Rake aka sace, jama'a, rake.

Mun isa bayan la'asar. Masaukinmu gidan wata dattijuwar Bafulatana ne da kowa ke kira Dada, kusa da inda ake fim. Gaisuwarta ba ta ƙarewa: ta gaishe mu da hanya, ta gaishe mu da gajiya, ta tambayi shanunmu. Na ce ba mu da su, ta dube ni da tausayi kamar na ce an yi mana rasuwa. Aka kawo gwaten masara da yakuwa, ruwa-ruwa. Mu a Bebeji wannan sai marar lafiya, su kuwa shi ne abincin ƙarfafa. Na sha kwano guda don kada ta ji haushi, na ƙara don ya yi daɗi. Iya ko cokali ba ta ɗaga ba. Ga sanyin duwatsu, har cikin ƙashi. Na kwanta ina tunanin in wannan dabara ta ƙi, da wane ido zan kalli maigida.

Da safe muka nufi garin. Daraktan saurayi ne mai hular hana-sallah da gajeren wando, amma yana da ladabi. Ya durƙusa ya gaishe da Iya, ya raɗa min cewa shi ma kakarsa ce ta raine shi. Ya ce ya gaya wa 'yan wasa kowa ya kama aikinsa kamar ana ɗauka, Iya ta zaga ta ga gari, sannan su ci gaba.

Daga nesa, wallahi, gari ne. Jan bango, rufin ciyawa, mata da baƙin saƙi, maza na zaune a gindin bishiya. Sai dai bishiyar ɗorawa ce, ba rimi ba. Iya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, Sabi'u ya yi sauri ya ce, "Iya, rimin ne ya tsufa." Ta wuce gaba.

A ƙofar gari ta gaji, ta jingina da bango. Bango ya yi baya. Na zagaya da gudu na tokare shi da kafaɗa, Sabi'u ya tokare ɗaya gefen, muna nishi har ta gama hutawa. A nan na ga asirin: katako ne marar kauri aka shafe da jar ƙasa, aka tokare da sanduna.

Sai rabon tsaraba. Mu dai a al'adarmu, wanda ya daɗe bai zo garinsu ba ba ya tsallake gida, kuma wannan ne abin da ba mu lissafa ba. Gidajen duk fuska ce kawai. Iya ta yi sallama a zauren farko, ta shiga, ta fito ta ɗaya gefen sai ga ta a fili, gaban janareto da wani mai gyaran waya yana goge baki. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ba shi kuka. Ta dawo ta ce, "An yi gyara." Muka ce, "Ƙwarai, Iya, an yi gyara."

A tsakiyar gari jarumar fim ɗin ke daka. Yarinya ce kyakkyawa, Jamila, farce zaƙo-zaƙo, tana riƙe da taɓarya kamar za ta cije ta. Iya ta tsaya ta saurara. Ni ma kunnena ya ba ni: turmin da ke da hatsi daban yake amsawa, wannan kuwa ƙwal-ƙwal yake. Ta leƙa. Wayam. Ta wuce murhu ta buɗe tukunya, sai dutse a ciki, wai don kada iska ta ɗauke ta. Ta ƙwanƙwasa rumbu da muciya, ya amsa kamar ganga. Ta ce in hau in duba. Na hau tsani da wannan jikin nawa, na leƙa, na ga wayoyin lantarki da takalmin wani. Na ce, "Iya, da saura kaɗan." Ta ce, "Kada ki yi min ƙarya." Na ce, "Babu komai."

Ta yi salati. Ta ce, "Fari aka yi?" Iya ta ga shekarun yunwa da idonta, in tana ba da labarinsu ba a dariya. Ta kamo hannun Jamila ta ce, "'Yar nan, yaushe rabonki da abinci?"

An ce wa yarinyar ta amsa da "lafiya lau" ga duk abin da aka tambaye ta. Amma ta kalli Iya, ta kalli darakta, sai ta saki muryarta ta gaskiya ta ce, "Wallahi Iya, tun biredin jiya da rana."

Ashe motar da ke kawo musu abinci daga Tudun Wada ta lalace. Wani mai rawanin mai gari ya ce daga gindin ɗorawa, "Biredin ma rabi-rabi aka raba."

Iya ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi. Na san wannan ɗaurin, na ranar biki ne.

"Auta, je wurin matar can mai gaisuwa, ta ba ka garin masara da man shanu da babbar tukunya. Kai mai rawani, tashi ka samo itace. Ke, ajiye taɓaryar nan kafin ki karya ƙafar wani. A karɓo tsarabar da na raba, a haɗa wuri ɗaya."

Darakta ya jawo ni gefe kamar zai yi kuka. "Hajiya, don Allah ki yi mata magana. Hayaƙi zai ɓata min bango. Kuma labarina gaba ɗaya a kan ba a cin abinci a garin nan yake. Ga rana na tafiya."

Na ce, "Ɗan nan, shekaru nake zaune da ita ban taɓa kwance ɗaurin nan ba. In kana iyawa, bismilla."

Ya nufe ta, ya buɗe baki, ta miƙa masa turmi ta ce ya daka barkono tunda shi ba ya aikin komai sai nuna yatsa. Ya karɓa.

Da wuta ta kama, sai na tuna zanin nan nata da ya kama wuta. Na riƙo hannunta na ce, "Iya, ki zauna ni in yi." Ta kalle ni, kallon da ba ta yi min ba tun ina amarya, ta ce, "Matsa." Na matsa. Amma na ɗebo ruwa a bokiti na tsaya a bayanta kamar 'yar kwana-kwana, duk inda ta juya ina biye.

Ƙarfinta bai kai tuƙin babbar tukunya ba, sai ta sa Jamila, tana tsaye a kanta. "Daga ƙasa! Tuwo kike tuƙawa ko shayi?" Farce biyu suka tafi, ba a dai same su a tuwon ba. Da ya kusa, ta karɓi muciyarta ta yi juyin ƙarshe da kanta. Sannan ta koma kan miya. Ta ɗanɗana, ta ce gishiri bai ji ba. Ta ƙara, ta ɗanɗana. Ta ce daddawa ta yi kaɗan. Ta ɗanɗana. Ni da Sabi'u muka kalli juna. Da aka kwashe, ta zauna a tabarma cikin 'yan matan, ta ce, "Ku ci, ba na son kunya," ta sa hannu a kwanonsu don ta nuna musu yadda ake yi. Ta nuna, ta nuna, har malmala ta ƙare, ta ce a ƙaro.

Sabi'u ya ce, "Matar Yaya, kuka kike?"

Na ce, "Hayaƙi ne, ɗan rainin wayo." Shi ma hayaƙin ya kama shi.

Darakta ya ci ya yi ƙari. Aikin ranar dai bai yiwu ba. Da la'asar aka kunna kyamara, aka ce "Akshin!" Jamila ta dafa ƙirji za ta faɗi babbar maganar fim ɗin, cewa tun da take ba ta san yunwa ba, ba ta san ƙoshi ba. Ta buɗe baki sai gyatsa, wadda aka ji har wajen janareto. Mai rawani kuwa tuni ya yi barci a zaune.

Mun yi 'yan kwanaki a can. Motar abinci ta gyaru, amma ba wanda ya ƙara kallonta. Darakta ya koma ɗaukar fim da sassafe kafin a ci, don wai a lokacin ne fuskokinsu suka fi dacewa. Iya ta yi ta ci, ta yi ta faɗa, ta koya wa Dada tuwon da ke tsayawa da ƙafarsa. Ranar tafiya 'yan fim suka rako mu har bakin mota, Jamila na hawaye.

Mun wuce Tudun Wada sai Iya ta ce, "Ku bi ta Tiga, ina son kifi." Sabi'u ya ce zagaye ne. Ta ce, "Man motar naka ne?" Muka bi.

A bakin ruwa ta sauka da ƙafarta. Ta tsaya ta daɗe, sannan ta ɗaga muciya ta nuna. "Kun ga inda kwalekwalen can yake? Daga nan ka yi gabas kaɗan, nan rimin yake. Rumbun babana na bayansa."

Sabi'u ya ce, "Iya... ashe kin sani?"

Ta ce, "Auta, bangon da na jingina ya gudu? Ni na haife ka, na san aikinka. Ko kujerar da ka yi min ƙafa ɗaya ta fi gajarta."

Na ce, "To Iya, me ya sa ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Gari na ƙarya ne, amma yunwar yaran nan ta gaske ce." Sai ta juyo gare ni, ba faɗa a muryarta. "Ba kamar wakenki ba, 'yar nan. Akwai wata farar tsakuwa mai tsaga, na tsince ta har na san ta kamar jikata. Ki bar ta ta huta."

Sabi'u ya riƙe ciki yana dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na so ruwan Tiga ya matso ya cinye ni.

Yanzu muciya ta koma hannun mai ita. Iya ke tsayawa kan tukunya, ni ina bayanta da bokiti, kuma na ɗinka mata zannuwa 'yan daidai gwiwa. Awarwaronta ya daina zamewa. Tsufan bai tafi ba, wani lokacin takan manta sunan Sadiya, wani lokacin kuma takan ce, "Yaushe za mu koma gida? Na bar yaran nan ba mai yi musu miya." In ta faɗi haka ban san wane gidan take nufi ba, ban kuma tambaya.

An ce fim ɗin zai fito, har an gayyace ni kallo. Zan je, ko don in ga matar nan da ta gane garinsu na ƙarya ne. Amma ke da kika dame ni da tambayar ko mun kai Iya garin ƙarya, yanzu ni zan tambaye ki: tsakanin garin katako da ta ci ta ƙoshi a cikinsa, da tsakar gidana mai bangon siminti inda take tsince tsakuwar da na zuba, daga wanne muka ɗauko ta, wanne kuma muka kai ta?